Facin da ya hana kwamfuta tashi

A ranar 3 ga Janairun 2018 aka bayyana wa duniya Meltdown, wani rauni a masarrafan kwamfuta, galibi na Intel, wanda ke bai wa ƙaramar manhaja damar leƙa abin da ke ma'ajiyar kanel. Kanel ita ce zuciyar babbar manhaja: ita ke raba ƙwaƙwalwa, ita ke magana da faifai da allo. Injiniyoyi suka yi gaggawar yi mata faci. Cikin mako guda Microsoft ya dakatar da nasa facin ga wasu kwamfutoci masu masarrafan AMD domin sun daina tashi. Wasu masu Ubuntu 16.04 ma da suka karɓi kanel 4.4.0-108 sun tarar da baƙin allo, sai da aka fito da 4.4.0-109.

Ni ɗan jarida ne, kuma a sana'armu mun saba da shaida mai magana. Abin da ya ja hankalina ga irin wannan matsala shi ne shaidar ta yi gum. Idan manhajar rubutu ta faɗi, kanel na nan tana rubuta abin da ya faru. Idan kuwa kanel ɗin ce ta faɗi tun kafin ta kai ga faifai, mai rubuta rahoton ne ya suma, kundin kuma fayau.

Saboda haka a Linux bincike yakan fara da komawa baya. Ka danne Shift yayin kunnawa, jerin GRUB ya fito, ka zaɓi tsohuwar kanel. In ta tashi, ka wanke faifai da sauran kayan ciki daga zargi. Sai ka koma ga sabuwar, ka goge kalmomin quiet da splash daga layin tashi domin ta riƙa zubo saƙonninta a allo, ka ɗauki hoton layin ƙarshe da waya. Wannan hoto, duk rashin kyansa, sau da yawa shi kaɗai ne hujjar da za ka miƙa.

Masu gina kanel suna da git bisect. Tsakanin sigar da ke tashi da wadda ba ta tashi akwai, a ce, gyare-gyare dubu. Sai a gwada na tsakiya, a watsar da rabin da ba shi da laifi, a sake rabawa. Gwaji goma ya isa a kama mai laifin, ko da yake kowane gwaji sai an gina kanel an sake kunnawa, aikin da kan cinye yini.

Abin da ke damuna shi ne tsohuwar kanel da ta cece ka ita ce dai mai ramin da aka so toshewa. Ga mai ajiye sunayen majiyoyinsa a kwamfuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa nake ajiye kanel biyu a tawa, kuma ranar da na koma tsohuwar, ba na buɗe fayil ɗin majiyoyi sai gyararren faci ya iso.