Ɗumin Makewayi da Haƙƙin Tsofaffi

Duk wanda ya yi hunturu a Damagaram ya san sanyin asubar Disamba da Janairu ba abin wasa ba ne. Yaro zai watsa ruwa ya fito yana dariya, amma tsoho sai ya tsaya bakin makewayi yana shawara da ƙasusuwansa. Shi ya sa tun kakanni ɗumama wa babba ruwa ya zama wani yanki na tarbiyya: a hura wuta kafin kiran salla, a sirka ruwa, wani lokaci a shigar masa da kaskon garwashi.

Sai dai kaskon yana da nasa sharrin. Gawayi a rufaffen wuri yana fitar da iska mai guba, marar launi marar wari, wadda ke kwantar da mutum bai farga ba. Don haka da muka tashi gyaran makewayin mahaifiyata, na ce a haɗa da na'urar ɗumama ɗaki ta lantarki, irin wadda ake kafewa a bango.

Mai aikin wuta ya nuna mini cewa sayen na'urar shi ne ƙaramin aiki. Mai ƙarfin wat 2000 tana jan kusan amfiya 9 a kan bolt 220, saboda haka sai an ja mata wayarta ita kaɗai, an binne cikin bango kafin a yi shafe. Sai an haɗa wayar ƙasa, an sa makatsi na miliamfiya 30, wanda ke yanke wuta da zarar ta fara zurarewa. Sannan a kafa ta can sama, nesa da fantsamar ruwa, kuma ba a rataya mata tawul ko zane.

Inna ta dube ta, ta ce, "Ɗan nan, wutar da ba ta hayaƙi ai ita ce abin tsoro." Gaskiyarta, domin ruwa da lantarki ba sa ga maciji da juna.

A da, ana ganin biyayyar ɗa a hayaƙin murhunsa na asuba. Yau ta shige cikin bango, inda baƙo ba zai gani ya yaba ba. Wanda ya sayi na'ura mai tsada don ido, ya tsuke hannu wajen waya da makatsi, ya ajiye wa mahaifiyarsa haɗari ne da sunan gata. Tukunyar ruwan zafi kuwa kada a jefar da ita. Ranar da aka ɗauke wuta, ita ce za ta fitar da mu kunya.