Kada Ka Ɗora wa Na'ura Abin da Ba Ta Nema

Ɗana, tun da Allah ya sa ka zaɓi sana'ar rubuta wa ƙananan na'urori manhaja, akwai maganar da nake so ta shiga kunnenka tun hannunka bai saba da wata hanya ba, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kwamfutar da ke kan teburinka an yi ta ne don ta yi komai. Amma wadda ke ɓoye a cikin mitar wuta, ko na'urar POS ta mai shago, ko injin da ke lura da bugun zuciyar majinyaci, aiki ɗaya aka ƙera ta dominsa, kuma takan yi shekaru tana yinsa ba wanda ya leƙa cikinta. Shi ya sa magabatanmu a wannan fanni suka ƙi ɗora mata babbar manhaja dunƙule guda. Suka rarraba ta sassa-sassa: ga sashen da ke raba lokaci tsakanin ayyuka, ga na ajiyar fayil, ga na magana da intanet, ga na USB. Ka ɗauki wanda aikinka ya nema, ka bar saura.

Ni a kan manhajar eCos na fara ganin wannan tsari, wadda kamfanin Cygnus Solutions ya fitar a 1998. Za ka buɗe manhajar zaɓe ka tarar da sassan a jere, kowanne da ɗan akwati a gefensa. Wanda ka sa wa alama ya shiga, wanda ka tsallake ko layi ɗaya nasa ba zai kai cikin na'urar ba. In ka cire wani sashe alhali wani ya dogara da shi, nan take ta nuna maka inda rikicin yake. Ma'adanar allunan da muke aiki a kansu da kilobait ake ƙirga ta, saboda haka ƙuncin wuri da kansa yake ladabtar da mu. Daga baya Microsoft ta kawo Windows XP Embedded a 2001 da sassa fiye da 10,000, ma'adana kuma ta yi arha. A nan na fara ganin samari masu kaifin basira suna bin akwatunan nan suna cikewa, in ka tambaye su dalili su ce ai wataƙila a bukata wata rana.

Ka kiyayi wannan "wata rana", ɗana. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Duk sashen da ka shigar ya zama ɗa a gidanka: kai za ka ciyar da shi daga ma'adana da batir, kai za ka gwada shi, in kuma ya yi ɓarna ƙofarka za a ƙwanƙwasa. Kafin ka sa wa kowane akwati alama, tsaya ka tambayi kanka wane aiki ne na wannan na'ura zai tsaya idan babu shi. In ka rasa amsa, bar shi a waje.

Kada kuma ka ce ai sashen ya daɗe yana aiki lafiya a wani wuri. Ranar 4 ga Yuni 1996 Turawa suka harba rokar Ariane 5 karo na farko daga Kourou, kafin ta cika minti ɗaya a sama ta tarwatse. Da aka bincika, sai aka tarar an ɗauko manhajar gane alkibla daga Ariane 4, wadda ta yi shekaru ba ta ba da kunya ba. A cikinta akwai wani ɓangare da ba shi da sauran amfani bayan roka ta bar ƙasa, amma aka bar shi yana ta lissafi. Sabuwar rokar ta fi tsohuwar gudu, lambar da ta fito ta fi ƙarfin gurbin da aka tanadar mata, kwamfutocin gane alkiblar biyu suka tsaya, babbar da mataimakiyarta. Waɗanda suka yi wannan aiki ƙwararru ne na gaske, ban kawo labarinsu don raini ba. Na kawo shi ne don ka san zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ka aro, auna shi da jikin taka na'urar.

An taɓa kawo mini wata na'urar ɗaukar hoto ta tsaro daga wani shago, mai ita yana kukan tana cinye masa data ba dalili. Na haɗa ta da kwamfuta na duba ƙofofin da take saurare. Ga ƙofar telnet a buɗe, irin wadda masu ƙira ke amfani da ita lokacin gwaji, kalmar sirrinta kuwa ita ce wadda ta fito da ita daga masana'anta. Wani ne ya bar ta don sauƙin aikinsa, ya tafi gida, mai shago ya gaji sakamakon. Irin wannan ƙofa ce muguwar manhajar Mirai ta bi ta mamaye ɗimbin kyamarori da na'urorin raba intanet, har a watan Oktoban 2016 aka yi amfani da su aka afka wa kamfanin Dyn, shafuka irin su Twitter da Netflix suka gagari mutane da yawa a Amurka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Abin da ka buɗe don gwaji, rufe shi da hannunka kafin kaya su bar ɗakin aiki, kuma rufewar da ta fi ita ce a cire sashen ɗungurungum. Mutumin da zai sayi na'urar nan bai san telnet ba, ba zai taɓa sani ba. Ya ba ka amana ne ba tare da ya san fuskarka ba, kuma amanar da mai ita ba zai iya bincika ba ita ce mafi nauyi a wuyan mutum.

Na daɗe a aikin nan har na ga manhajoji sun tsufa sun bar na'urorinsu a raye. Red Hat, wanda ya sayi Cygnus, ya janye hannu daga eCos a 2002. Microsoft ta daina kula da XP Embedded a Janairun 2016, alhali injuna masu yawa na ci gaba da aiki da ita. Yau ku kuna da FreeRTOS, kuna da Zephyr wadda Linux Foundation ta ɗauki nauyi tun 2016, kuma kayan aiki ne masu kyau. Amma su ma wata rana za a sami ɓaraka a wani sashensu, ko a daina kula da wanda ka dogara da shi.

Don haka tun ranar farko ka tanadi hanyar da za a sabunta manhajar na'urarka bayan ta shiga hannun mutane, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka adana fayil ɗin zaɓenka kamar takardar gida, ka rubuta sigar kowane sashe da inda ka samo shi, saboda wanda zai gaje ka kada ya zauna yana lalube. Kuma kada ka yi gaggawar cewa an gama. Bar na'urar ta kwana tana aiki, yanke mata wuta tana tsakiyar rubutu ka ga yadda za ta farfaɗo, sa ta a ɗaki mai zafi irin na watan Afrilu. Idan ta jure duk wannan, kawo mini jerin sassan da ka shigar, da dalilin kowanne a rubuce a gefensa, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.