Godiya ga Malamar Ingilishi ta Tibiri

Malama, ina sanar da ke cewa ɗiyarki ta samu shiga jami'a, har ta fara karatun aikin jinya. Kin san ta fari ce, bakina ba ya kama sunanta, alƙalamina ma haka.

Na zo gidanki na yi godiya da baki, amma mutane sun cika zaure, ban faɗi rabin abin da ke raina ba.

Lokacin da na kawo miki ita daga Jiratawa, ta yi Ingilishi a lakwal tun daga ajin farko na kwaleji har ajin bak, shekara 7 ke nan, kuma makinta ba laifi. Amma in baƙo ya zo daga Jibiya ko Katsina ya yi mata magana da Ingilishi, sai ta sunkuyar da kai. Ban ga laifin malamanta ba. Mutum ɗaya a gaban aji cike maƙil, yaushe zai saurari kowa? Ni dai na ɗauka za ki ɗora mata wani littafin ne a kan waɗanda take da su. Sai ta dawo ta ce ranar farko ba ki buɗe littafi ba, tambayarta kika yi ta yi: me take so ta zama, me take ji in za ta buɗe baki, wane aiki ta fi iyawa a gida. Gaskiya a ranar na yi gunaguni a zuci, na ce kuɗina na biya don a yi hira?

Daga baya na ga inda hirar ta nufa. Da ta ce jinya take so, kika sa ta riƙa tattaro takardun da ke cikin kwalayen magani, tunda da yawa daga maganin da ke kasuwar Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, rubutunsa kuma Ingilishi ne. Ita ke karantawa, ita ke yi miki bayanin awo da lokacin sha, ke kuwa ki zama majinyaciya mai yawan tambaya. Wata rana kika ce ta bayyana miki yadda ake rabon ruwa a gonakin ranin Jiratawa, da yadda ake yankan zogale a dafa a shanya. Abin da ta sani ne tun tana goye, don haka ba ta da fargabar rasa abin faɗi, kalmomin kawai take nema. Ta gaya mini ba kya katse ta in ta yi kuskure. Kina rubutawa a kaye, sai ta gama ki miƙa mata ki ce ta gano gyaran da kanta. Uwarta ta sha jin ta a madafa tana gardama da kanta da Ingilishi, har ta fara tunanin a nemo mata rubutu.

Inda na fi jin nauyinki shi ne zaɓen makaranta. Ni Kano na so, Jami'ar Bayero, don can nake saro kaya kuma ina da masauki. Ba ki ce mini a'a ba. Kin zaunar da mu, kika jera mana hanyoyin. Ga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ta gwamnati, da Faransanci ake karatu, kuɗinta da sauƙi. Ga Jami'ar Maryam Abacha da Adamu Abubakar Gwarzo ya kafa nan Maraɗi a 2013, da Ingilishi ake koyarwa, amma ta kuɗi ce, kika ce in lissafa har shekarar ƙarshe, kada in tsaya kan ta farko. Ga kuma Kano, da fassarar takardu da zirga-zirgar iyaka, kika tuna mini yadda aka rufe ta bayan juyin mulkin Yulin 2023 har sai Maris 2024. Sannan kika juya wajenta kika ce, "Ke za ki zauna a ajin, me kika gani?" Ban saba a tambayi yaro a gabana ba, sai da na gyara zama. Ta zaɓi Maryam Abacha, ta kawo dalilanta, ban samu abin ƙaryatawa ba. Takardun neman shiga ma ita ta cike da hannunta, ke dubawa kawai kika yi.

A Maris 2025 da hukuma ta mai da Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, abokan kasuwata suka ce na yi dogon hange. Na ce musu hangen na Malamar Tibiri ne, ni kuɗin kabu-kabu na biya. Kuma ban manta ba, watan da kasuwa ta tsaya kin ci gaba da karɓarta, ba ki taɓa aiko mini da maganar kuɗi ba.

Allah ya saka miki da alheri, ya jiƙan mahaifa, ya shirya miki zuri'a. Ga buhun busasshen zogale nan da ɗan man gyaɗa, uwarta ce ta haɗa, don Allah kada ki mayar. Ƙanenta zai zauna jarabawar bak bana, shi injin ban ruwa ne ke ɗauke masa hankali. In akwai wuri, zan kawo miki shi bayan Salla.