Kama da Wane Ba Wane Ba Ne

Lokacin da na je karatu birnin Lizbon na ƙasar Fotugal, ba ni da wani guzuri na harshe sai Ingilishi. Da na lura kalmomin Fotugis da dama sun yi kama da na Ingilishi, sai na ɓullo da dabara: duk kalmar da ta ƙwace mini, sai in ɗauko ta Ingilishi in sauya mata wutsiya. Dabarar ta yi ta fisshe ni, har ranar da wani abokin karatuna ya gayyace ni cin abincin dare a gidansu.

Mahaifiyarsa ta dafa bacalhau, wato busasshen kifi mai gishiri wanda sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu kafin a ɗora. Ta haɗa shi da dankalin Turawa da albasa da ƙwai. Ina kai lomar farko santi ya kama ni. Na tuna da sifar nan ta Ingilishi exquisite, wadda ake yabon abu mai matuƙar kyau ko daɗi da ita. Na dubi dattijuwar na ce, "Esquisito!"

Ɗakin ya yi tsit. Ta miƙo hannu za ta ɗauke farantin, tana tambayar ɗanta ko ta dafa mini wani abu daban. Ashe abin da na ce da ita shi ne abincinta wani iri ne.

Daga baya na fahimci cewa kalmomin biyu tushensu ɗaya, wato exquisitus ta Latin, ma'ana abin da aka nemo aka zaɓa. Ingilishi da Sifaniyanci sun riƙe ɓangaren yabon. A Fotugis kuwa, ma'anar ta gangara daga abin da ba a cika samu ba zuwa abin da ba a saba da shi ba, har ta koma bambaraƙwai. Sifar tana bin jinsi da adadi: esquisito ga namiji, esquisita ga mace, a ƙara "s" a jam'i. A Fotugal akan kira mai tsirfa wajen cin abinci da ita. Wanda ke nufin yabon daɗi, delicioso zai ce. In ƙayatarwa yake nufi, requintado.

Abokina ya yi wa mahaifiyarsa bayani, ta yi dariya har da hawaye, amma ni kunyar ba ta sake ni ba sai da na cinye faranti biyu. Kalmar da ban sani ba ba ta taɓa jefa ni cikin irin wannan hali ba, domin nakan tambaya. Wadda na zaci na sani ce ta kusa ɓata ran baiwar Allah da ta wuni a madafa domina. Tun daga ranar, in na ga baƙuwar kalma da fuskar da na sani, sai na tambayi masu ita kafin in gaishe ta.