Abin da Ibro ya faɗa ba ya cikin fayil

Jiya da daddare ina shirin kwanciya na ji yara suna ta ƙyalƙyala dariya a falo. Na leƙa, ashe guntun wani tsohon fim ɗin marigayi Rabilu Musa Ibro suka tsinta a YouTube. Hoton ya dushe, sauti na shaƙewa, amma sai ga ni zaune, har na sa aka maido min da wani wuri sau uku. Abokin wasan Ibro nake kallo. Bawan Allah ya sunkuyar da kai yana cije leɓe, kafaɗunsa na rawa, yana kokawa da dariya. Duk wanda ya ga fuskar nan ya san maganar da Ibro ya saki, shi ma a lokacin ya fara jin ta.

Babbar 'yata da ke jami'a ta ce, "Baba, ai wannan camama ce, ko rubutaccen labari ba su da shi, shirme kawai suke zubawa." Rabin maganarta gaskiya ne. Yawancin finafinan camama na wancan zamani ba a rubuta wa ɗan wasa kalmomin da zai faɗa. Darakta zai ce kai ne mai bin bashi, kai kuma ba ka da ko sisi, ga matarka a bayan ƙofa tana ji. Sai a kunna kyamara, sauran ya rage ga bakinka. Inda na rabu da ita shi ne kiran wannan shirme. Ku gwada mana. Ni da nake rubuta wa oga jawabin minti biyar sai na kwana biyu ina gogewa, shi kuma ya zo ya karanta kamar mai karanta takardar sammaci.

Kuma ba Ibro ya fara ba. Mu da muka tashi da Samanja da Karkuzu da Ƙasimu Yero a talabijin mun san wannan salo, kafin su kuma ga 'yan kama da 'yan gambara a kasuwa, waɗanda ke ɗinka magana nan take daidai da wanda ke tsaye a gabansu.

Turawa ma suna yi, sai dai su sun ba abin daraja. Robin Williams na Amurka, a fim ɗin Mrs. Doubtfire na 1993, yakan fara yin fitowa yadda aka rubuta, sannan darakta Chris Columbus ya sake masa mara ya yi yadda ya ga dama. Kyamarori da yawa ake kunnawa lokaci guda, saboda ba wanda ya san me zai fito daga bakinsa, kuma ana son kama fuskokin sauran 'yan wasa. Daga baya mai tace hoto ya zauna ya zaɓi mai kyau ya zubar da sauran. Ikon Allah, shekara ɗaya suka bar duniya, Williams a Agustan 2014, Ibro a Disamba.

A ganina ba baiwa Williams ya fi Ibro ba, gata ya fi shi. Namu kyamara ɗaya ce, kwanaki kaɗan, kuɗi ƙalilan, duk abin da aka ɗauka shi za a kai kasuwa. Shi ya sa za ka ga fitowa ta yi daɗi minti biyu sannan a ja ta har ta gundure ka. Shi ya sa kuma wasu barkwancin da aka yi wa wasu ƙabilu da masu lalura suka wuce, alhali da akwai mai tacewa da an cire su. Wannan ba zan kare shi ba.

Abin da ya hana ni barci daban ne. Shekara goma sha tara ina aikin gwamnati, kuma darasin farko da aka koya min shi ne abin da ba ya cikin fayil bai faru ba. Ibro ma ya san wannan duniyar, don gandiroba ne kafin ya koma fim, kuma a 2008 shi aka kai gidan yarin kan fim ɗin Ibro Aloko. To mafi daɗin abin da mutumin nan ya faɗa ba ya kan kowace takarda. Marubuci in ya mutu littafinsa na nan, ana iya sake bugawa. Shi kuwa nasa yana kan kaset da faifan CD ne kawai, ga zafinmu ga ƙura. Wanda yaran suka kalla jiya ba farko ba ƙarshe, ba sunan fim, wani ma ya manna lambar wayarsa a kan hoton.

Da safe na buɗe kwalin da ke ƙarƙashin gado. Faifai goma sha ɗaya na samu, huɗu ne kawai suka tashi a tsohuwar kwamfutata, Ibro Awilo ma ya tsaya a tsakiya. Na kwafe huɗun. Jama'a, duk mai tsofaffin faifan Ibro, ko na Bosho da Daushe na farko-farko, don Allah kar ya bari a yi wasan yara da su. Ya yi min magana ta akwati, ranar Asabar ina gida, zan kwafe in maido masa da kayansa. Allah ya jiƙan Ibro, ya yafe masa kurakuransa.