Gizagon Maƙerin Timiya

A duwatsun Abzin, arewa da Agadas, itace abu ne mai wuyar samu. Sai a bakin ƙoramu ake ganin aduwa da gawo da goriba; saura duk baƙin dutse ne har saman Bagzan, wanda tsayinsa ya haura mita 2,000. Wannan ƙarancin shi ya tsara yadda ake sassaƙa a can, kamar yadda na gani da na zauna wurin wani dattijon maƙeri a Timiya, garin lambunan lemo da rumman.

A wajen Abzinawa maƙeri shi ne masassaƙi. Kayan aikin dattijon ba su da yawa: gatari, gizago, wuƙa mai lanƙwasa ta rarake ciki, sai ƙarfen da yake sawa a wuta ya yi huda da zane. Bakin gizagon ubansa ne ya ƙera shi, washi ya cinye kusan rabinsa. Da waɗannan yake fitar da akushi, cokula da turakun gado.

Wata safiya ya yi ta juya gungumen aduwa har hantsi bai sara ba. Na ce, "Baba, me ake jira?" Ya ce, "Ɗana, itacen nan ya girme ni. In na ɓata shi, ina zan sami wani?"

Da ya fara, sai na ga amfanin gizago. Ɓanɓaro kaɗan yake ɗauka a kowane sara, saboda haka mai shi yana da damar sake shawara kafin sara na gaba. Can tsakiya ya tarar da tsaga. Bai yar da gungumen ba, ya bi tsagar ya raba shi, akushin da ya nufa ya koma cokula. Guntaye suka zama ƙota, ɓanɓaron kuma ya dafa mana shayi.

Masu kiran wannan salon aiki rashin ci gaba ba su duba inda ake aikin ba. Zarton inji ya dace da wurin da katako ke zuwa mota-mota, inda ɓarnar guda ba ta hana barci. Ni tun daga lokacin, aikin da ba ni da madadin kayansa, ko yankan yadi mai tsada ne, nakan rage hanzari in ɗiba kaɗan-kaɗan.

Abin da ke damuna shi ne kwanukan roba sun cika kasuwar Agadas, kuma 'ya'yan dattijon sun fi karkata ga ƙirar azurfa, don ita ke kawo kuɗi.