Utako: Inda Farfelar Ƙarfe Ta Gamu Da Ta Alminiyam

Duk wanda ya baro Wuse ya bi titin Obafemi Awolowo zuwa Jabi, lalle ya ratsa Utako. Kafin dokar 1976 wadda gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta kafa Babban Birnin Tarayya da ita, wurin nan ƙauye ne na Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari. Bayan da gwamnati ta taso daga Legas ran 12 ga Disamba, 1991, sai gari ya yi ta bunƙasa har ya haɗiye gonakin. Yau Utako unguwa ce ta kasuwa da otal-otal da tashoshin mota, inda tun asuba ake lodin fasinja zuwa Kaduna da Kano da Lokoja da ƙasashen Kudu.

Inda mota ta taru kuwa, makaniki ba ya nisa. A gefen tashoshin nan ake ganin motoci iri biyu a hannun masu gyara. Ga bas-bas na haya waɗanda tafiya ta gajiyar, ga kuma BMW da Marsandi na samarin birni, waɗanda lafiyarsu lau, gudu kawai ake so a ƙara musu. Cikin abubuwan da masu sha'awar gudu ke sauyawa har da farfela.

Farfela ita ce doguwar sandar nan da ke kwance a ƙarƙashin mota, tana ɗauko ƙarfin inji daga giya ta kai wa ƙafafun baya. Saboda haka motocin da ke ja da ƙafar gaba, irin su Corolla da Camry da suka cika titunan Abuja, galibinsu ba su da ita. Amma Hiace ta tasha tana da ita, haka ma Fijo 504 wadda aka soma harhaɗawa a Kaduna a 1975. Yawanci da ƙarfe ake ƙera ta, a Marsandi da BMW kuma gaɓa biyu ce, da boris a tsakiya yana tallafe da ita.

Dalilin komawa ga alminiyam shi ne nauyi. In aka gwada gunduwa biyu masu girma ɗaya, ta alminiyam kusan sulusin nauyin ta ƙarfe ce. To, amma da yake alminiyam bai kai ƙarfe tauri ba, dole a yi sandar da kauri, don haka ragin nauyin ba ya kai haka. Ba ta ƙara wa inji ƙarfi ko kaɗan. Abin da take yi shi ne ta rage wa inji wahalar juya kaya mai nauyi, mota ta riƙa amsa totur da wuri.

Direban tasha kuwa lissafinsa daban ne. Farfelar ƙarfe in ta lanƙwashe a hanya, mai walda na kowane gari zai iya taɓa ta har a kai gida, a kuma samu ta gwanjo a Apo ko Zuba. Ta alminiyam sai walda ta musamman da iskar argon, kuma dutse ɗaya ya isa ya lotsa ta. Ga shi kaurinta ya sa ta fi kusa da jikin mota da salansa, wuri ya matse. Abin da ya dace da shimfiɗaɗɗen titin Maitama ba lalle ya jure hanyar da damina ta cinye ba.

Babban haɗarin ma ba a nan yake ba. Kowace farfela tana da iyakar juyin da za ta iya ɗauka, wadda tsawonta da kaurinta ke yankewa. In aka cire mai gaɓa biyu aka sa guda ɗaya doguwa ba tare da awo ba, ko ba a daidaita nauyinta a inji ba, sai mota ta kama karkarwa, giya ta soma yoyon mai. In kuwa ta tsinke daga gaba ana cikin gudu, tana iya cakar kwalta ta ɗaga bayan mota sama. Wannan ya sa a fagen tsere na Amurka ake tilasta wa motoci masu tsananin gudu su ɗaura zoben ƙarfe da zai tare ta. Titin Utako kuwa ba fagen tsere ba ne, akwai 'yan talla da 'yan makaranta da masu tsallakawa da kaya a ka.

Da magariba, bas ɗin da aka ɗaure wa farfelar ƙarfe da safe ya riga ya wuce Zuba da fasinjansa. Motar saurayi kuwa tana kan jak, ana jiran a sake awo. Makanikin da ya ƙi sakinta kafin awon ya cika bai cuci mai ita ba, don Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.